Jirgin da Mazin Ya Shiga

Mazin ɗan garin Mai Wurno ne, daga cikin Hausawan Sudan da kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka, ba su wuce ba, ba su kuma koma gida ba. Mahaifinsa makanikin injin ban-ruwa ne. Tun Mazin bai iya ɗaure wando ba yake bin sa bakin kogi yana miƙa masa sifana. Da tsohon ya rasu, mahaifiyarsa, Hajja Nana Khadija, ta koma da shi da ƙanwarsa Malaz Omdurman, a can ya yi shekara uku yana koyon gyaran injin jirgin sama. Bai daɗe da gamawa ba yaƙi ya ɓarke. Kwana goma sha ɗaya suka yi kwance a ƙarƙashin gado, jirage na wucewa ta kansu, kafin su sami motar da ta kawo su Alƙahira.

A unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira Zubairu ya san shi. Zubairu mutumin Maraɗi ne, karatun addini ya kawo shi, karatun ya gagare shi, ya buɗe ɗan shagon gyaran waya. Wata rana na'urar sanyaya shagon ta mutu, aka turo masa wani dogon saurayi mai wushirya. Yana cikin aiki guduma ta sami yatsansa, ya ce, "Wayyo Allah na!"

"Kai, Bahaushe ne?" in ji Zubairu.

"Tun kafin a haife ka, ya zol," in ji Mazin, yadda 'yan Sudan ke kiran aboki.

Daga ranar suka zama kamar tagwaye. Mazin na da wata ɗabi'a: in jirgi ya taso daga filin jirgin da ke kusa, sai ya tsaya cak, ko da loma a hannunsa, ya karkata kunne ya faɗi irinsa da yawan injinsa. Zubairu ya laƙaba masa suna Direban Fanka. "Ranka ya daɗe Direban Fanka, yau ina za mu sauka?" Mazin ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido.

Bayan shekara guda waɗanda suka koyar da shi suka neme shi. Suna buƙatar mai kula da inji a cikin manyan jiragen da ke kai bama-bamai. Ya ce za shi. Abu ɗaya ya tsaya masa: Hajja. Matar da har yau in babur ya yi ƙara a titin Faisal sai ta dafe ƙirji, ba za ta taɓa sa masa albarka ba. Shi kuma ya rantse ba zai yi mata ƙarya ba.

Zubairu ne ya kawo dabarar, kuma ya kawo ta yana jin kansa malami. "Ai akwai abin da ake kira tauriyya," ya ce. "Ka faɗi gaskiya, mai ji ya fahimci wani abu daban. Ka ce mata ka sami aiki a jirgi, can kudu. Khalas, shi ke nan. Ka yi ƙarya?"

Haka aka yi. Hajja ta ji jirgi, ta ji kudu, sai ranta ya tafi kan manyan jiragen ruwan nan da ke yawo da baƙi tsakanin Luksor da Aswan. Ta yi guɗa. Ta ɗaure masa gasasshen kofi da citta, ta ce, "Ban da wanka a kogi, ka ji ko? Ruwan can ba irin namu ba ne."

Wata goma sha huɗu Zubairu yana zuwa gidan duk Juma'a bayan masallaci. Ta dafa masa kofi a jabana, 'yar butar kofin Sudan, ta kunna masa saƙonnin muryar Mazin. Ana jin rugugin inji a bayansa. "Ka ji ƙarfin jirgin nan!" ta kan ce. Zubairu ya ce, "Ƙwarai, Hajja." Ta sa ya rubuta mata addu'ar da Annabi Nuhu ya yi a cikin jirgi da wadda Annabi Yunusa ya yi a cikin kifi, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, ta manna a bango tana karantawa bayan kowace salla.

Ran wata Talata da hantsi, yana tsakiyar canza gilashin waya, wani Ayman, abokin aikin Mazin, ya kira. Jirgin su Mazin ya faɗo a yammacin Sudan. Ko harbo shi aka yi, ko inji ne, ba wanda ya tabbatar. Su bakwai ne, ba wanda ya fita. Mazin na da shekara ashirin da shida.

Zubairu ya rufe shago ya nufi gidan Hajja a Faisal. A hanya shaiɗan ya yi ta ba shi shawara: ka ce jirgin ya yi haɗari, gaskiya ne, ba a sami gawa ba, gaskiya ne. Ta mutu ba ta sani ba.

Malaz ce ta buɗe ƙofa. Hajja na zaune tana tsince shinkafa. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ranar da ba Juma'a ba, ta ajiye faifan.

"Ɗana, faɗi."

"Hajja, sai haƙuri. Mazin."

Ta yi salati sau uku. Malaz ta sulale a bakin ƙofa. Can Hajja ta ɗago ta ce, "Ruwa ya ci shi?"

Ga ƙofar tsira a buɗe, kalma ɗaya ce: i. Zubairu ya ɗaga ido, sai ga rubutunsa a bango, gefen takardar ya yi baƙi saboda shafawar hannunta.

"Ba ruwa ba ne, Hajja. Jirgin sama ne. Na yaƙi."

"Na yaƙi," ta maimaita. "Mai ɗaukar me?"

Ya faɗa mata.

"Irin waɗanda suka wuce ta kanmu?"

"Irinsu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farko. Ni na koya masa yadda zai faɗa miki."

Ba ta zage shi ba, ya so a ce ta zage shi. Ta tashi da ƙyar, ta ɓanɓare takardar daga bango a hankali don kada ta yage, ta ninke.

"Wata goma sha huɗu ina roƙa masa tsari daga ruwa," ta ce. "Da na sani, da na roƙa masa ta sama. Da na roƙa wa na ƙasa ma. Kana zaune nan kana shan kofina."

"Hajja, ki yafe mini."

"Ba yau ba."

Ta miƙa masa takardar. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya miƙe zai fita.

"Ina za ka?" ta ce. "Mutane za su zo gaisuwa, ba namiji a gidan. Ka zauna a ƙofa. Duk wanda ya tambayi yadda aka yi, kai za ka faɗa masa, kuma ka faɗi sunan jirgin cikakke."

Kwana uku Zubairu ya yi a kan tabarma a ƙofar gidan. Sau arba'in da wani abu ya faɗa.