Bisimillar Dogo Baduku a Ingila

Kakana Dogo baduku ne a Bungudu, kuma duk kasuwar Gusau ba wanda ya kai shi iya ɗinkin jakar fata. Shi ya sa a shekarun 1920 wani Bature mai sayen fatu ya ɗauke shi zuwa Ingila, ya nuna sana'arsa a wajen baje koli. Mutumin da bai taɓa wuce Tsafe ba!

Can yunwa ta kusa kayar da shi. Naman ba yankan Musulmi ba ne, ya ƙi taɓawa, sai burodi da ruwan shayi, har wandonsa ya fara zamewa. Da Baturen ya ga abin ya yi yawa, sai ya kai shi wani tsohon gidan abinci, tare da Usman tafinta. Gini ne mai gajeren rufi, azararsa ta yi baƙi da hayaƙi, an ce ya girmi garin Gusau. Turawa na zaune da kofunan giya. Dogo ya kau da kai, ya zauna kusa da murhu. Wata tsohuwa, mai gidan, ta kawo masa soyayyen kifi da dankali, suna tururi.

To, ɗan Zamfara zai ci abinci mutane na kallo? Haba! Ya ɗaga faranti ya ce, "Bisimilla." A gida kowa ya san amsa: ka ce alhamdu lillahi, mai abinci ya ci abinsa. Turawa suka tambayi Usman me ya ce. Shi kuma sarkin ƙwazo ya fassara musu tas: "Ya ce ku ci."

Bayin Allah suka ga ƙin karɓa zai zama wulaƙanta baƙo. Wannan ya gutsura, wancan ya gutsura, kowa na godiya. Faranti ya zagaya ya dawo daga shi sai ƙaya.

Usman ya ce, "Baba, bari in gaya musu al'ada ce kawai."

Dogo ya ce, "Kul! Mi za ka hwaɗi? In yi tayi in janye? A ce mutanen Bungudu bisimillarsu ta baki ta?"

Wallahi duk sanda na tuna wannan magana sai in ji kaina ya fasu. Cikinsa na ƙugi, amma ya zauna yana murmushi kamar wanda ya ƙoshi.

Tsohuwar dai ta ga komai. Ta shiga madafa ta fito da wani kifin, ya fi na farko girma, ta ajiye masa. Usman ya riƙe masa hannun riga yana roƙo, "Baba, don Allah wannan karon ka yi shiru ka ci."

Dogo ya dubi kifin, ya haɗiyi yawu. Sannan ya miƙe tsaye da faranti, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Bisimilla."