Littafi na Huɗu na Malam Zailani

Bara waccan da kaka na sayar da buhun masara a kasuwar Ƙofa, na dawo gida ina yabon wayona. Sai da na sa hannu a tuwo na tuna abin da na cusa a tsakiyar buhun don kada awaki su ci: littafinka na huɗu, Malam Zailani. Awaki kam ba su ci ba. Masarar ta yi kudu a bayan tirela.

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan la'asar, aka aiko cewa Allah ya yi maka rasuwa a gidanka na Kiru, kana da shekara saba'in da tara. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ka tafi ban faɗa maka ba.

Tun kana malamin firamare kake yawo a kan keke, daga Bebeji har Doguwa, kana tsugunawa gaban tsofaffi kana rubuta sunayen garuruwa. Ba na jikin allon bakin titi ba. Sunan fari, da wanda ya sari dajin, da hakimin da ake kai wa gaisuwa a da, da ƙaramar hukumar da aka jefa garin bayan an yanki wannan daga waccan. Har ƙauyukan da ruwan dam ya shanye ka tsamo sunansu. Littafi bakwai, duk da biro.

Da 'yata Raihana ta nemi takardar shaidar asali don shiga makarantar jinya, wani akawu ya ce babu gari mai suna Rafin Maƙera, inda aka binne cibiyata. Wato ni daga sama na faɗo. Ka hau acaɓa da ciwon gwiwarka, ka buɗe masa littafi na huɗu, ka nuna masa yadda aka taso mu saboda ruwan dam, aka raɗa wa inda aka sauke mu Sabuwar Unguwa kamar sauran ƙauyuka goma. Ko ruwa ba ka sha ba. Ni kuwa na ari littafin don in yi burga a majalisa.

Duk haɗuwarmu sai ka tambaya. In ce, "Yana adaka, Malam, ko ɓera sai ya yi sallama." Ka yi dariya, ka canja zance.

Sau nawa ka kai littattafan nan ofis-ofis a buga maka? Kullum a ce ka dawo bayan zaɓe. Masu ofisoshin nan ne suka cika ƙofar gidanka da motoci ranar jana'iza. Ɗayansu ya tashi yana yabonka, ya ce an yi rashin ɗan Sabuwar Unguwa. Kai da aka haifa a Rafin Maƙera, gida uku tsakaninka da ubana. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na tuna shaidar tana hannun wa. Su sun ƙi bugawa. Ni na sayar a farashin masara.

Ranar sadakar uku maiɗakinka, Hajiya Furera, ta sa aka kira ni zaure. Ta miƙo sabon littafi, babu komai a ciki. A bangonsa ga rubutunka: Na huɗu, Sha'aibu zai maido. Ta ce, "Tun bara ya gane. Ya ce kada a matsa maka, kunya ce ta riƙe ka, za ta sake ka."

Ba ta sake ni a kan lokaci ba, Malam.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa sunanka cikin littafin da ba ya ɓata. Allah ya ba Hajiya Furera da Khairiyya da sauran 'ya'ya haƙuri, su kuma yafe mini in za su iya.

Gari sittin da uku ne a littafin da ya bi masara. Tara na iya tunawa. Tsofaffin da suka faɗa maka duk sun riga ka, sai Inna Turai a ruga bayan Tudun Wada, ta haura tamanin, kunne ɗaya ya tafi. Ni kuma a aji huɗu na tsaya, rubutuna kamar kaza ta yi tono. Haka za ka karɓa. Asabar zan shiga mota zuwa wurinta, na sayi biro biyu. Allah ya sa in same ta da rai.

Sha'aibu, na Rafin Maƙera