Tsattsewar Malam Hai Tana Hannun Mutum Ɗaya

Ku yi mini afuwa da na ɗora muku karatu a kwanakin da kowa ke fama da nasa. Ni ba marubuciya ba ce, abin da na sani shi ne karantar da 'yan mata Alƙur'ani a masallacin mata na unguwarmu. Amma zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in tsinci kaina a ƙofar gidan Malam ba tare da na yi niyya ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, takwas ga watan Rajab, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Hai Deyou, wanda sunansa na Musulunci Yunusa, a gidansa da ke bayan kasuwar fata a nan Zhoukou. Ya haura tamanin. Da aka je kai shi makwanci, ƙasa ta daskare har sai da masu haƙa suka hura wuta a kanta.

Malam, mutanen gari sun san ka da tukunyar miyar yaji da kake sayarwa da safe a bakin gada. Ba su san kana ajiye ƙasan tukunyar, inda nama yake kwanciya, don masu sharar titi da ke zuwa a makare ba. In sun yi godiya sai ka haɗe fuska ka ce ragowa ce, dā ma zubarwa za ka yi. Mu kuma mun san ka da damben kwaikwayon dabbobi goma da ka gada daga malaminka, wanda kake koyarwa a tsakar gida bayan an rufe ƙofa.

Ina yarinya babana ya kai ni wurinka, tari ya ramar da ni. Ka dube ni sama da ƙasa, ka juya wurin babana.

"Ding, me ka kawo mini haka? Tsintsiya ce aka sa wa riga?"

"Ciwo ne, Malam. Ga tsoro, ko kaza ta yi kuka sai ta ɓuya a bayana."

"Kaza? To shi ke nan. Zakara za ta zama."

A lokacin ba a koya wa mata damben. Da ƙafarka ka taka zuwa masallacinmu, ka tsaya daga waje, ka nemi izinin malamarmu. Ta yarda bisa sharaɗin kada haddata ta yi rauni. Tun daga ranar, kafin ka duba ƙafata sai ka tambaye ni sura.

Damina da sanyi na yi ina tsugune a bayan mahauta ina kallon zakaru. Kakan ce, "Shuqin, dubi yadda yake ɗaga ƙafa kamar ƙasa tana da zafi, ya sauke ta kamar shi ya mallake ta." Haka na yi ta zagaya tsakar gidanka da takun zakara, gwiwa a lanƙwashe, har tarin ya bar ni. Tsoron bai tafi duka ba, amma na daina ɓuya.

Ka'idarka ita ce kowane almajirinka dabba ɗaya zai riƙe, kuma ba ka ba mutum wadda ta yi kama da shi. Damisa ka ba wa Mi tela, mutumin da in allura ta soke shi, shi ke ba ta haƙuri. Biri ka ba wa wanda sai a wuni bai ce uffan ba. Kuma abin da ka ba wani ba ka sake ba wa kowa. Na taɓa roƙonka ka nuna mini maciji, ka ce, "Ya bar hannuna. Je ki gaishe da mai shi, ki kai masa shayi." Haka muka tashi kowa yana bukatar kowa, ko muna shiri ko ba ma shiri.

Tsattsewa kuwa ka ba wa Yaya Hong Tianlu, ɗan mahauci, wanda ya fi kowannenmu girman jiki da saurin fushi.

"Tsattsewa? Haba Malam, dube ni fa! Ƙofarka ma a karkace nake shiga."

"Shi ya sa. Damisa kana da ita tun daga gida, maƙwabtanku sun shaida."

Ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, sannan ya fara zama a bakin kogi yana kallon tsuntsayen suna sauka su shafi ruwa. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wanda ya fito daga jikin wannan bawan Allah ba. Sai ya nutse ƙasa, ƙirjinsa ya kusa taɓa daɓe, kafin ka juya yana tsaye a bayanka, ko ƙura bai tayar ba. Malam, kakan kau da kai don kada mu ga murmushinka. Mun gani.

Sai aka yi wani taron nuna wasanni a filin gari, da masu ɗaukar hoton talabijin. Yaya Tianlu ya hau dandamali, ya ƙara wa tsattsewar tsalle da juyi a sama don mutane su tafa. Suka kuwa tafa. Kana daga cikin taro ka ɗaga murya: "Tawa tsattsewar ba ta rawa. Wannan jemage ne rana ta fito masa." A gaban surukansa, a gaban amaryarsa.

Ta'aziyyarka nake rubutawa, amma kai ka hana mu ƙarya: harshenka ya yi kaifi ranar. Shi ma tasa zuciyar ta yi tauri. Ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, muka ji ya buɗe shagon taliya a Guangzhou. Shekaru sun fi goma. Mun lallaɓa ka ka ba wani tsattsewar tun ƙafafunka suna ɗaukarka, ka ce tana da mai ita.

A jinyarka ta ƙarshe na sake roƙo. Kana kwance ka ɗaga hannuwa ka nuna mini yadda fikafikan suke buɗewa. Hannu kawai na gani. Ka ce, "Sauran a ƙafa yake, ƙafar kuma ta riga ni tafiya." Tun rasuwarka nake gwadawa bayan asuba. Ina buɗe hannu, in nemi sauka, sai zakara ya fito. Ban san inda ake ajiye nauyi ba, ban san wace gwiwa ke fara lanƙwasa ba. Mi tela ya gwada ya faɗi a kan kwatangwalo. Ba kuma zan ƙago abu in ce naka ne ba.

Allah ya jiƙan ka, Malam Yunusa. Allah ya yafe maka kaifin harshe saboda taushin hannu, ya yalwata kabarinka, ya sa sanyin da aka binne ka a cikinsa shi ne ƙarshen wahalarka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Inna Luo, wadda ta yi ta dafa mana shayi shekara da shekaru muna tattake mata shukar albasa, da 'ya'yanku da jikoki, da 'yan'uwana almajirai. Allah ya ba mu haƙuri.

Yanzu da kai nake, Yaya Tianlu. Ba ni da lambarka, don haka duk wanda ya karanta wannan kuma ya san shagonka, don Allah ya kai maka.

Ranar sadakar arba'in, bayan an sauke Alƙur'ani an raba soyayyar gurasa, za mu rufe ƙofa mu taka dabbobin a jere, kamar yadda Malam ya yi wa nasa malamin. Daga ranar ne kowa zai sami izinin koyar da tasa ga na baya. Na tambayi liman, ya ce ba ibada ba ce, ba kuma laifi ba ne. Mu masu dabbobi tara muna nan. Wanda bai taka ranar ba, tasa ta tsaya a kansa, haka al'adar gidan take.

Na san abin da kake son ji, kuma ba zan ƙara ko kalma ba. Malam bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Abin da ya ce, kwanaki kaɗan kafin ya cika, shi ne: "Wannan ƙaton, gwiwarsa ta hagu tana nan kuwa? Yana yawan dogara da ita." Iyakar abin da na ji ke nan.

Ni ma tambayar da ke hana ni sukuni ke nan. Kai ma ka manyanta, ga tsayuwar shago. In gwiwar tana nan, ka zo. Masu komawa aiki kudu bayan hutun sabuwar shekara ne suka cika jirgin ƙasa, mai zuwa arewa zai sami kujera. In ba ta nan, ka zo ka zauna a benci ni in taka tsattsewar, ka yi ta yi mini tsawa har in sauka daidai, na saba.

Inna Luo ta tambaye ni ko ta kwaɓa fulawar gurasar da lissafinka, na ce ban sani ba tukuna. Ka ba ni amsa da wuri, Yaya, ko da a'a ce.

Ƙanwarka,
Ding Shuqin