Salatif Ɗin Da Ya Kwana Sha Tara A Jikin Bas

Shekara ashirin da biyu muna raba katanga da maƙwabcina Mai Layi, kuma ban taɓa ganin ya yi wani abu da sauri ba in ka cire tari. Ni facin taya nake yi a ƙofar gidana. Ɗakin aikinsa na bayan injin iskata, saboda haka duk abin da ya faɗa a kunnena yake sauka, har wanda bai so na ji ba.

Sunan nan a garejin kamfanin bas-bas ya samo shi, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana fenti. Feshi kowa na yi. Amma layuka biyun nan da ke bin jikin mota daga fitilar gaba har ta baya, ja a sama, shuɗi a ƙasa, shi kaɗai ake bari ya fitar da su. Direbobi sukan ce ko mota hamsin aka jera a tasha suna gane wadda ta bi ta hannunsa. Abin da ya tsira da shi ranar da ya ajiye aiki shi ne takardar yabo a cikin gilas, da ƙirji mai tsiyayar iska kamar tayar da ƙusa ta huda. Na san sautin, sana'ata ce. Na sha ce masa ya zo na tsoma shi a baho na ga inda yake yoyo.

Mai hankali in ya bar aiki benci yake nema ya zauna. Shi sai ya koma ƙera motocin a ƙanana. Bas guda tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, da katako mara nauyi da roba da gwangwani, har da madubin gefe kamar farcen jariri. Ya sayi 'yar bindigar feshi kamar biro, da ɗan injin iska mai gurnani kamar kyanwa. Nakan leƙa ta taga na ce, "Injiniya, yaushe za a fara lodi? Ina da ɓeraye huɗu masu son tafiya."

Ko ɗago kai ba ya yi. "Ɗauke min baƙin hannunka daga taga."

In ka ce fenti yake yi a ɗakin nan ka yi masa ƙarya. Rufe-rufe yake yi. Duk inda ba ya so launi ya taɓa sai ya lulluɓe shi, kuma nan ranar take ƙarewa. Yana da salatif na takarda, ruwan ɗorawa. Ba ya amfani da shi yadda ya zo daga shago, wai bakinsa ya kwashi ƙura. Sai ya shimfiɗa shi a kan gilas, ya ɗora rula ta ƙarfe, ya yanka da sabuwar reza siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Daga nan ya manna a cinyar wandonsa ya cire, ya sake mannawa ya cire, don ƙarfin gam ɗin ya ragu kada ya ɗago fentin ƙasa. Duk wandunansa cinyar dama ta koɗe. Bayan ya ɗora a jikin mota sai ya bi bakin da tsinken sakace yana dannawa a hankali. Tagogi ya cusa musu jiƙaƙƙiyar auduga, sauran jiki ya naɗe da takardar littafin rubutu, ba jarida ba, wai tawadarta na zuba.

Wata rana na ga ya gama duk wannan wahala, ya ɗauki bindiga ya fesa fari a kan farar mota. Na ce, "To, yau kam ta tabbata ka haukace. A kira 'yarka daga asibiti ta zo da allura."

Ya ce, "Jahili. Ko yaya ka danna, sai fenti ya sami hanyar shiga ƙarƙashi. To gara farin ya fara shiga ya toshe hanyar. In jan ya zo sai ya tarar an rufe ƙofa."

Babbar dokarsa kuwa ita ce lokacin cirewa. Ba a cirewa fenti na jiƙe, ba a kuma bari ya bushe ƙarau. Yana gama feshi zai haɗa shayi, yana shanye kofin zai miƙe. Salatif, in ji shi, ba ya kwana a jikin mota.

Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsa ɗaya ce a kusa, ma'aikaciyar jinya, ni Likita nake ce mata tun tana ɗaure wa 'yar tsana kai da tsumma. Ita ce ta daɗe tana yaƙi da warin tina, ruwan sirka fenti, a gidan. Ana cikin haka ɗan tsohon maigidansa, wanda ya gaji kamfanin, ya aiko yana son a ƙera masa bas ta farko da mahaifinsa ya saya, zai ajiye a sabon ofis ranar buɗewa. Mai Layi ne ya ja layin ainihin motar yana saurayi. Likita ta ce ba ta yarda ba. Suka yi kwana uku ba sa gaisawa da kyau, sannan ta sauko.

"Wannan ce ta ƙarshe, Baba. Kana gamawa zan kwashe kayan."

"Na ji."

"A gaban Kawu ka faɗa."

Na ce, "Ni shaida ne, amma ku sani ana sayena da shayi."

Wata biyu ya yi a kanta. Ranar da ya fesa shuɗin, wanda shi ne launi na ƙarshe, ina cikin cire wata taya na ji tarin ya canza murya. Na san na kullum, wannan ba shi ba ne. Na tarar da shi a durƙushe, butar shayi na tafasa, leɓensa ya yi wani launi da ban so ba. Muka sa shi a motar mai tayar. Likita ta biyo mu asibiti, da yamma ta dawo ta danna wa ɗakin aikin kwado, ta jefa makullin a jakarta.

Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A rana ta uku na je dubiya, an sa masa robar iska a hanci. Ya yafito ni. Na sunkuya ina tsammanin wasiyya ce.

Ya ce, "Salatif."

"Sannu, Injiniya. Ya jikin?"

"Yana jikin motar. Je ka cire."

Na sami Likita a baranda na faɗa mata. Idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce, "Kawu, mutum na neman numfashi kana yi min zancen salatif? Ɗakin nan ba mai buɗe shi." Gaskiya ban matsa ba. A raina na ce takarda ce da gam, me za ta yi? Duk zuwan da na yi sai ya tambaya, ni kuma sai na ce ana nan ana shiri. Na fi shekara ashirin ina jin dokar nan ta taga, amma ban taɓa ɗaukarta da nauyi ba sai da na ga abin da ta hana.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Ɗakin aikin kuwa rufin kwano ne, ba silin, da rana ko ƙarfe ka ajiye sai ya yi zafi.

Ya dawo ya rame, wuyan rigarsa na yawo. Likita ta riga ta kwashe bindigar da ɗan injin ta kai gidanta. Saura kwana shida a buɗe ofis. Da ƙyar ta ba da makulli, da sharaɗin cire salatif kawai za a yi. Muka shiga. Bas na kan tebur a naɗe da takarda kamar mai karaya. Ya kai hannu, hannun na rawa. Ya mayar da shi cinya, ya sake kaiwa, ya sake mayarwa.

Ya ce, "Wanke hannunka. Da sabulu. Sau biyu."

"Yau ni ne? Baƙin hannu?"

"Ba ni da wani."

Ya sa aka ɗumama tsumma da dutsen guga, na ɗora a kan salatif ɗin don gam ya saki. Ya nuna min yadda zan kama bakin da reza, na kwantar da shi baya a kan kansa, ba sama ba, na riƙa ja kamar mai cire filasta daga ciwon jariri. Yatsuna sun saba da ƙarfen cire taya. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata, yana ture min kai gefe kada ya sauka a kan motar.

Gefen dama ya fita. Ja da shuɗi suka bayyana a miƙe, bakinsu kamar an yanka da wuƙa. Na ce, "Kai! Ashe dai ka iya." Bai kula ni ba, ya juya motar.

Gefen hagu shi ke fuskantar taga, rana ta gasa shi. Na wuce ƙofar gaba lafiya. Ina kaiwa tsakiya na ji wani ɗan sauti, ƙyas, kamar an fasa ƙwai. Farin fentin ya biyo salatif ɗin, da jan, da shuɗin, tun daga tsakiya har tayar baya. Sai tokar fentin shimfiɗa a fili, faɗin yatsa biyu.

Ina riƙe da salatif ɗin da fatar motar a jikinsa, na rasa inda zan ajiye. Can na ce, "A jingina wannan gefen da bango mana. Wa zai leƙa?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Sannan ya sauke ido, don ko ƙarfin faɗa ba shi da shi.

Likita na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, kada ma ka fara. Ba za ka sake shaƙar abin nan ba."

Ya daɗe yana kallon motar. Ya ce, "Rufewa ba ta da wari."

"Feshin fa?"

Ya nuna ni da haɓa. "Feshi ko wawa ya iya."

Na ce, "Na gode da wannan babban matsayi."

Haka aka yi. Ta dawo da bindigar kawai, ta ce a hannuna za ta zauna. Na rage wa injin facina ƙarfi har ya koma kamar numfashin tsoho, muka haɗa da 'yar tiyo. Aka kafa tebur a tsakar gidana, inda tagar ɗakin kwanansa ke kallo. Shi yana ciki, gilas a rufe, Likita ta toshe ƙasan tagar da tawul. Yana riƙe da rularsa. Bugu ɗaya a gilas, fesa. Bugu biyu, tsaya.

Kwana biyar muka yi. Ya goge wurin da samfefa mai laushi, ya rufe, na kai waje na fesa fari, na dawo da ita. Aikin rufewar da yake yi a awa biyu yanzu yini yake ci. Yakan yanka siriri ɗaya ya huta. Wani ya karkace ya yar, ya sake. Na ga ya manna a cinya ya manta ya cire, yana zaune yana kallon bango. Masu taya suka yi ta zuwa suna samuna da ƙyalle a hanci ina fesa wa motar wasa fenti, wani tsoho na buga min gilas kamar malamin makaranta. Wani direba ya tambaya ko lafiya. Na ce ƙarin karatu nake.

Jan ya fita lafiya. A shuɗin ne, wajen tayar baya, na ga kamar bai kama ba, na matso da bindigar na ƙara dannawa. Gilas ya ɗauki bugu, ba biyu ba, ya fi goma. Kafin na ɗaga yatsa wurin ya jiƙe yana sheƙi.

Aka bar ta a waje warin ya fita. Likita ta haɗa shayi kofi uku, muka sha. Da ya shanye na shigo da motar. Wannan karon shi ya cire da kansa, hannu ɗaya na riƙe da wuyan ɗayan.

Layin ya tafi a miƙe tun daga fitilar gaba. Sai a saman tayar baya, inda na cika hannu, shuɗin ya kutsa ƙarƙashi ya yi 'yan ƙafafu uku a kan farin, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ni sai da na sa ido sosai na gani. Shi tun kafin salatif ya gama fita ya gani.

Ya ɗauki reza zai kankare. Ya kai bakinta kusa, tana rawa, tana rawa. In ta zame, farin ya tafi, kuma gobe ne buɗe ofis. Sannan ya ajiye rezar a kan gilas, ya tura ta nesa da yatsa ɗaya.

Ya ce, "Kai musu ita ofis."

Wannan karon ban yi tsiyar da na saba ba. Na ce, "Laifina ne, Yaya."

"Na sani. Riƙe ta ta ƙasa, kada ka taɓa madubin."

Likita ta kawo kwali da tsofaffin tawul muka kwantar da motar a ciki. Ta tambaye shi ko zai raka ni, ta samo mota. Ya girgiza kai, ya ce a gyara masa filo, yana so ya ɗan kwanta.