Nonon Kakar Baba Yakubu

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, amma ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe ƙaramin firijin gidan baƙi na kamfani na tarar kakar Baba Yakubu ta mutu karo na biyu ba. Kada wani ya ruga wajen 'yan sanda, nono ne a cikin kwalba. Sai dai in na gama za ku gane abin da ya sa na faɗi haka.

Ku da kuka shigo aikin kuku kwanan nan kun matsa mini in rubuta wani abu daga aikina. To ga shi. A aji huɗu na tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Sunana Bawa. Kamfanin da na yi wa aiki a nan Zuru rijiyoyin burtsatse yake haƙawa, yana gina kwalbatoci. Tsarinsa kuwa, injiniya ne a sama, sai manajan ofis, sai mai sito, direbobi, masu gadi, sannan kuku, wanda ke ƙasa da kowa har sai yunwa ta zo. Akwai dokar da ya kamata ku riƙe. Ko cokali ba ya fita daga gidan baƙi sai da takardar fita, wadda muke kira fas, kuma injiniya kaɗai ke sa mata hannu.

Injiniyan shi ne Baba Yakubu. Sunansa na yanka Hagop, ya ce Yakubu ke nan a harshensu, mu kuwa muka ɗauki mai sauƙin. Ya daɗe a Kano da Sakkwato, Hausa a bakinsa kamar ɗan kasuwar Kwari. Mutanen gari suna ce masa Bature, wasu su ce Kwara, wato irin Larabawan nan masu kantuna. Duka biyun ya tsane su. Kullum sai ya tsaya ya yi bayani cewa shi Ba'armeniye ne, a Beirut dai aka haife shi, amma kakanninsa daga wani gari suke a ƙasar Turkiyya ta yau, inda aka kore su fiye da shekara ɗari da suka wuce. An kashe da yawa, sauran suka watsu duniya. Mutane su saurara da ladabi, su gyaɗa kai, su ce Allah sarki, Kwara ya sha wuya.

Da rana injiniya ne, da yamma marubuci. Littattafai yake rubutawa cikin harshensu, da wasu baƙaƙe masu kama da ƙugiyoyin kamun kifi. An buga masa ɗaya a Beirut, ya zo da kwali biyu ya tura ƙarƙashin gado. A iya sanina, gara ce ta fara karanta shi, kuma ta ji daɗinsa ƙwarai, har bangon ba ta bari ba. Ran Lahadi bayan azahar sai ya buɗe kwamfuta, wasu tsofaffi su bayyana a cikin 'yan akwatuna, wani a Faransa, wani a Amurka, wata a Ajantina. Kowa ya karanta abin da ya rubuta, sauran su jira ya gama su karanta nasu, sannan a yi faɗa. Na tambaye shi su waye masu karanta littattafan. Ya ce ai su ne. Na ce to masu rubutawa fa? Ya ce su ne dai. Ɗiyarsa tilo tana Kanada, in ya yi mata magana da harshensu sai ta amsa da Turanci. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma in na yi wa 'ya'yana C'lela, yarenmu na nan Zuru, da Hausa suke amsawa, ni da na yi golmo a gonar surukina har bayana ya sunkuye kafin a ba ni uwarsu.

Yanzu nonon. Su suna ce masa madzun, kindirmo ne mai kauri. Ya ce lokacin da aka kore su, kakarsa tana yarinya, uwarta ta tsoma ƙyalle a cikin nonon gidansu ta shanya, ta ɗaura mata a ƙugu. Uwar ba ta kai ba. Yarinyar ta kai Halab, ta jiƙa ƙyallen a madara, nonon ya tashi. Tun daga nan ba a taɓa barin irin ya yanke ba, daga Halab zuwa Beirut, zuwa Kano, zuwa kicin ɗina. Sabon littafin da yake rubutawa ma a kan nonon ne, kowane gari da babinsa. Burinsa in ya yi ritaya ya kai wa jikarsa irin a Kanada. Ya sha cewa zai shanya ƙyalle ya ajiye saboda tsaro, amma marubuci ne, ya fi son rubuta abu da yin sa.

Aikina shi ne sabunta irin kafin ya tsufa. A tafasa madara, a bari ta huce har ƙaramin yatsa ya iya jurewa, a zuba cokali ɗaya na tsohon, a naɗe da bargo, kada a motsa. A Zuru, cikin watan Maris, ni ina zufa kamar jakin 'yan itace, nono yana kwance cikin bargon ulu. Ni da na ɗauki shekaru ina ciyar da kamfanin ko fanka ba a saya mini ba, shi kuwa da firijinsa na kansa.

Madarar kuwa Inna Jumma ke kawowa, wata Bafulatana daga rugar da ke hanyar Dabai. Takan bar mana ƙaramar ƙwarya cike, ta karɓi ta jiya. Ni nakan tambaye ta ko saniyar ta sha ruwa da yawa yau, ita kuma tana kirana uwargidan Kwara. Baba yana da wata al'ada da ya ce ta gidansu ce, ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Saboda haka duk ƙwaryar da za ta koma, sai ya zuba madzun a ciki da hannunsa. Na ce masa, kai wa Bafulatana kyautar nono ai kai wa kogi ruwa ne. Ya ce in yi aikina.

Cikin bazarar da abin ya faru, Baba ya tafi Beirut a yi masa aikin ido. Ya riƙe hannuna a ƙofa, bai ce in kula da gida ba, bai ce in kula da kaina ba, ya ce, "Bawa, madzun." Jirginsa bai gama tashi ba manaja ya kira ni. Ya ce tunda babu baƙo a gidan baƙi, babu dalilin ƙona gas a janareto, za a rufe gidan, ni kuma in bi motar ma'aikata zuwa Wasagu in dafa musu. Wutar gwamnati kuwa kun san ta, baƙuwa ce, sai ta ga dama.

Na yi masa bayanin nonon tun daga Turkiyya. Ya saurare ni yana danna waya, ya ce kamfani zai sayi wani. Na ce to in tafi da kwalbar. Ya ce ina fas? Na ce mai sa hannu yana sama cikin jirgi. Ya ce to doka doka ce. Na ce in ɗebi cokali ɗaya a leda. Ya ce cokali ɗaya ma kayan kamfani ne. Mai gadi ya caje jakata a ƙofa kamar na haɗiye injin burtsatse. Wayar Baba a kashe, yana kwance da bandeji a fuska, a inda muke aiki kuma sai ka hau dutse kafin waya ta kama. Haka aka kiyaye dukiyar kamfani.

An dawo da ni ana gobe Baba zai iso. Na buɗe firijin, warin ya tura ni baya. Abin da ke cikin kwalbar ya yi kore, ya yi baƙi, har ya tsiro gashi. Na kankare sama na gwada na ƙasan a sabuwar madara, na naɗe da bargo, har addu'a na yi masa. Ya tsinke ya zama ruwa mai ɗoyi. Manaja ya leƙo, ya toshe hanci, ya kawo shawara irin ta manya. Wai in sayi yogot na roba a shago in juye a kwalbar, tsoho ne, ba zai gane ba. Na ce, "Yallaɓai, ido aka yi masa aiki, ba harshe ba."

Da Baba ya iso na faɗa masa a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki kwalbar ya zauna a kujerar kicin, ya daɗe yana kallonta da sabon idonsa. Ya ce sojoji ba su kashe nonon nan ba, hamada ba ta kashe shi ba, yaƙin Beirut bai kashe shi ba. Na ce ai ba su da manaja. Bai yi dariya ba. Ran nan bai ci abinci ba, ya kwashe takardun littafin ya tura ƙarƙashin gado wajen gara. Ya ce littafin ya ƙare, tunda abin da ake ba da labarinsa ya ƙare.

Da safe Inna Jumma ta zo da ƙwaryarta. Na ce ta koma da madararta, ba ma bukata. Ta tambayi ko Kwara ya mutu ne. Na ce kusan haka, na ba ta labari. Baba yana zaune a baranda yana ji. Matar nan ta sauke kayanta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mutane suna makoki kina dariya. Ta wuce ni ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, wanda kake zuba mini a ƙwarya, ca kake shanyewa nake yi?"

Ya ce to me take yi da shi?

"Ni in sha nono in bar iri? Madara nake zubawa a kai. Ƙwarya guda na ware masa, ban taɓa gama shi da nawa ba. Matan bariki shi suke so, ya fi kauri, ba ya tsinkewa."

Ta ce da ta aurar da 'ya'yanta mata, kowace ta tafi da ƙorenta da ɗan irin a ciki, kamar yadda ake yi. Ɗaya tana Manga, ɗaya tana wajen Ribah, su ma sun ba maƙwabta. Ta buɗe faifan wata ƙwarya ta miƙa masa ludayi.

Ya ɗanɗana. Ya rufe ido. Ya sake ɗanɗanawa. Ya ce ya fi tsami, kuma yana ƙanshin hayaƙi da ƙwarya. Inna Jumma ta ce to a daji ya tashi, ba a firiji ba, in bai so ya bar mata kayanta. Ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu ya ƙi saki. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, ai a garinsu da madarar tumaki ake yi, a Halab ta akuya kakarsa ta samu, a Beirut ta shanu, uwarsa ma ta sha cewa ba ɗanɗanon da ba ne. Sai hawaye. Na ce Baba, likita ya hana ka jiƙa idon nan. Ya ce in rufe masa baki.

Da ya natsu ya tambaye ta da wane suna take sayar da shi a kasuwa.

"Nonon Kwara."

Na juya baya don kada ya ga fuskata. Shekaru yana yi wa Zuru bayani. Ya buɗe baki zai fara daga Turkiyya, sai ya rufe. Ya ce ta ce madzun. Ta gwada, ta ce sunan bai da daɗin kira a kasuwa, kuma in ya gama kuka ya biya ta ludayi biyu.

Ran nan da kansa ya yanka sabon ƙyalle ya tsoma a ƙwaryar Inna Jumma, ya shanya a igiyar wanki. Ya jawo takardunsa daga ƙarƙashin gado. Manaja kuwa ba abin da ya same shi, an ma yaba masa a kan tsimin gas, daga baya aka ƙara masa girma.

Baba ya yi ritaya, ya tafi Kanada da ƙyallensa a aljihu, ba tare da fas ba. Bara ya aiko mini da littafin, ya ce babin ƙarshe na Zuru ne, ya ja layi a ƙarƙashin wasu ƙugiyoyi huɗu ya ce sunana ne. Na shiga littafi, fansho dai bai ƙaru ba. A bangon akwai hoton ƙwaryar Inna Jumma. Na nuna mata, ta duba sama da ƙasa, ta ce wannan ai ta fashe tun damina, ina son madara ko ba na so?

Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne. Kada ku amince wa firijin da wani ke riƙe da makullin janaretonsa. Manya kuma za su bar abu ya ruɓe bisa doka, su kwana lafiya. Na ƙarshe, tsohon nan ya kulle abinsa a kwalba da kwali, ɗaya ya ruɓe, ɗaya gara ta ci, wanda ya zuba a ƙwaryar maƙwabciya ne ya rayu, ko da sunan da ya tsana. Shi ya sa yanzu nake zuba wa jikokina C'lela ko suna so ko ba sa so. Suna karkata shi, suna gauraya shi da Hausa, wani lokaci kunnena har ciwo yake. Jiya ƙaramar ta zage ni da shi, ba daidai ta faɗa ba, ban gyara mata ba.