Tsamiyar da Ruwa Bai Rufe Ba

Maigidana Basarke ne, kakanninsa masunta ne da suka biyo kogin Binuwai tun daga Kabi. Duk rani, idan Nasara suka sauka a Garuwa don hutu, shi ake nema ya kai su kamun giwan ruwa, wadda suke kira kafiten. Ni kuma ina yi musu girki a kampama, masaukin baƙi na bakin ruwa. Mutane ne masu ban dariya. Su taso daga uwa duniya, rana ta gasa su su yi jajur, su kamo kifi su yi hoto da shi, sannan su ɗan tsakuri yanki kamar marasa lafiya.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu. A wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi gaban mutane, saboda haka kakarta ce ta rene ta. Ta fara zuwa makarantar allo ke nan ƙyanda ta ɗauke ta. Aka binne ta a maƙabartar ƙauyenmu, gindin wata tsohuwar tsamiya. Ban yi kuka a fili ba, shi ma bai yi ba. Mutane suka yi ta yaba kunyarmu. Har yau ina jin haushin wannan yabo.

A ƙarshen zamanin shugaban ƙasarmu na farko aka datse kogin a Lagdo. Aka tashe mu zuwa tudu, ruwa ya yi ta hawa har ya cinye ƙauyen da gonaki da maƙabarta. Kan tsamiyar ne kaɗai ya rage yana leƙowa a tsakiyar tafkin. Mai kampama, wanda muke kira patiron, ya matso da ɗakunansa bakin sabon ruwan, baƙi suka ƙaru.

Kowane masunci ya san ƙananan kifaye na fakewa cikin rassan bishiyar da ta nutse, giwan ruwa kuma na bin su can. Maigidana ya fi kowa sani. Amma sai ya zaga da baƙi ko'ina a tafkin, ban da wajen tsamiyar. Ba ya so a jefa ƙugiya a kan yarinyar. Baƙi suka riƙa dawowa hannu rabbana, suna gunaguni. Patiron ya kira shi ya tambayi dalili, ya sunkuyar da kai ya fito.

Da muka koma gida na ce, “Malam, ka gaya masa mana. Mutumin ba mugu ba ne, in ya ji zai hana zuwa wurin.”

Ya ce, “In ce masa me? In buɗe baki in ce 'yata?”

Na yi niyyar zuwa da kaina. Na tsaya ƙofar patiron da faranti a hannu, sai kawai na ajiye farantin na fito.

Aka sallami maigidana, aka ɗauko wani masunci daga garin Kusiri, bawan Allah da bai ma san an taɓa yin ƙauye a wurin ba. Fitarsu ta farko, da la'asar, sai ga su da giwan ruwa, mutum biyu na ɗauke da ita a sanda. Baƙi na ta murna. Na tambayi sabon masuncin inda suka samo ta.

Ya ce, “Wajen wata bishiya da ta leƙo, Inna. Kifi kamar an zuba. Gobe ma can za mu.”

Aka shimfiɗe min ita a kan teburin girki. Na ɗauki wuƙa, hannuna ya ƙi. Ina nan tsaye sai ga maigidana ya shigo, labari ya riga ya kai masa. Ya daɗe yana kallon kifin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan jiƙaƙƙen bayansa, yadda bai taɓa ɗora shi a kan yarinyar ba, ya kira sunanta a hankali.

Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Zuciyata ta karye, na zauna a ƙasa na yi kukan da na hana kaina tun ranar jana'iza. Bai hana ni ba. Ya karɓi wuƙar daga hannuna ya gyara kifin da kansa, domin baƙi na jiran abinci.