Akwatin Inna Tela Ba Ya Sauka

Matso kusa, ja kujera ka zauna, in ba ka labarin Inna Tela da akwatinta. Kada ka zaci wani akwatin kirki ne. 'Yar robar ajiye abinci ce mai murfi, wadda in ka gan ta a yashe ba za ka sunkuya ba. Amma a kanta aka yi rigimar da gidansu bai taɓa ganin irinta ba.

Inna Tela a kan keken ɗinki ta tsufa. Shagonta ɗan tsukuku ne, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, ƙasa kullum cike da guntayen yadi da zare. A bayan garin akwai dogon dutse da baƙi ke zuwa daga nesa su hau, su ɗauki hoton kwarin da kogi ya ratsa. Ita kuwa a gindinsa aka haife ta, ta yi aure, ta haihu, mijinta ya rasu, ba ta taɓa taka matattakalarsa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Me na ajiye a can?"

Wata rana wata baƙuwa ta shigo da wando a yage daga gwiwa. Inna na ɗinki tana faɗa.

"'Yar nan, kina mace har mace, me ya kai ki rarrafe a kan duwatsu?"

Baƙuwar ta yi dariya ta ba ta labari. Wai wasa ne da ake yi a duniya baki ɗaya. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri mai kyan gani, ya sa alamar wurin a taswirar waya, wasu su bi su nemo. Wanda ya samu zai sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, in ya ɗauki abu ya ajiye wani, ya mayar da akwatin daidai inda ya same shi. Kuma ba a bari wanda ba ya wasan ya ga maɓoyar.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Manya da furfura suna ɓuya."

"Dutsenku ne kawai babu ko ɗaya," in ji baƙuwar. "Na yi mamaki."

Maganar nan ta tsaya wa Inna a wuya. Dutsensu ne babu? Da sassafe ta kulle shago ta hau. Da ta kai ƙololuwa ta juyo, sai ta ga garin da ta sani lungu lungu ya koma kamar ɗinkin ado a gaban riga, kogi ya bi ta tsakiya kamar an ja farin zare. Ta daɗe a tsaye. Kafin baƙuwar ta bar gari ta sa mata wasan a waya, Inna kuma ta cusa robarta a wani tsagi, bayan benci na ƙarshe da ke saman dutsen.

Abin da take zubawa ciki 'yan tsana ne da take haɗawa da guntayen yadi, kowace da idon maɓalli. Masu nema na ɗauka, su bar mata makulli ko kwalliyar gashi ko ƙaramar mota. Sai su kai 'yar tsanar wani akwatin a wata ƙasa, su turo hoto: ga ta a bakin teku, ga ta a gaban wata tsohuwar gada, ga ta cikin ƙanƙara babu ko mayafi.

"Ni ban je ba," Inna kan ce tana nuna wa masu kawo ɗinki, "amma hannuna ya je."

Sai gwiwa ta fara. Likita ya ce ta rage hawa. Babban ɗanta, wanda ke da kantin magani, ya mai da "rage" ya zama "daina". Mutum ne mai son uwarsa, amma irin son nan da ke zuwa da kwaɗo da makulli. Bai shawarce ta ba, ya hau ya ɗauko robar, ya tura ta ƙarƙashin allon da ke bakin ƙofar shiga a gindin dutsen, inda motoci ke tsayawa. A ganinsa ya gama taimako.

Saƙonni suka fara shigowa wayar Inna. "Mun hau, mun duba, babu." "Ko an sace ne?" Daga ƙarshe masu kula da wasan suka rubuto cewa in mai akwatin ba ta gyara ba, za a cire shi daga taswira. Surukarta ce ta kasa riƙe bakinta, ta faɗa mata gaskiya suna tsinkar ganye a kicin. Nan take Inna ta aika aka ɗauko mata robar.

Da ɗan ya dawo ya tarar da uwar a zaune, robar a cinya.

"Sannu da aiki, likitan gida. Wa ya aike ka?"

"Inna, don lafiyarki na yi. Sai a canza alamar a waya, su riƙa ɗauka a ƙasa. Kowa ya huta."

"A ƙasa su ga me? Tayoyin mota?"

"Ai akwatin suke nema."

"Robar? Mutum zai bar ƙasarsu ya zo don robar da ta fi wannan kyau a kicin ɗinsa? Ni na kira su su ga abin da na gani. Ka sa bayin Allah sun hau a banza, sun sauko suna cewa tsohuwa ta yi musu ƙarya."

"To ni zan mayar."

"Ba ka san tsagin ba."

"Ni fa na ɗauko ta!"

"Ɗaukowa daban, ajiyewa daban. Za ka bar murfin yana leƙowa, yara su kwashe kafin azahar."

"In kika faɗi fa?"

"Sai ka ɗaga ni. Na ɗaga ka sau nawa?"

Surukar ta tuntsire da dariya har ta ƙware. Ya harare ta, ta ce, "Ni ban ce komai ba, maigida."

Washegari Inna ta ɗaure gwiwa da bandejin kantinsa, ta ɗauki sanda ta kama hanya. Ya biyo ta yana mita, da kujerar roba a kafaɗa, lema a hannu. Ta hau kaɗan ta zauna, ta hau kaɗan ta zauna. Gumi ya jiƙa mata wuya. A wani wuri ƙafar ta ƙi, ya miƙo hannu, ta kama ba tare da ta dube shi ba.

"Mu koma, Inna."

"Ka koma. Bar min kujerar."

A sama suka tarar da baƙi cike, ana ta hotuna. Ya karɓi robar zai nufi bencin, ta fizge.

"A gaban mutane? Buɗe lemar nan ka tsaya nan, ka yi kamar kana kallon kwari."

Mutum mai kanti da ma'aikata ya tsaya riƙe da lema, yana kare uwarsa tana rarrafe. Da farko kunya ta ishe shi. Can sai kwarin ya ɗauke masa hankali, don shi ma ranar da ya zo ɗaukar robar bai ɗaga kai ba. Inna ta tura robar, ta jera duwatsu a bakin tsagin, ta miƙe da ƙyar tana haki.

"Ga shagonki can," ya ce a hankali. Sai ya juyo. "Amma wannan ne na ƙarshe."

"Damina na zuwa. Zan dawo in duba ko ruwa ya shiga."

"Inna!"

"Riƙe min sandar, in rubuta musu cewa akwati ya koma gida."

Gwiwar ta kumbura, ta yi kwanaki ba ta taka keke ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba. Har yanzu kujerar robar na jingine a bakin ƙofarta, shi bai ɗauke ba, ita ba ta ɓoye ba. To kai da ka saurara, in mahaifiyarka ce ta ɗaura bandeji ta ɗauki sanda, ƙofa za ka rufe ko kujera za ka ɗauka?